Tafiyar farko a jirgin ruwan yawon buɗe ido: mu bi ayarin kamfani ko mu fita da kanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. In Allah ya yarda, a watan Yuni ni da uwargida da mahaifiyata za mu shiga jirgin ruwa na yawon buɗe ido a Bahar Rum, kwana bakwai. Zai tashi daga Basalona, ya tsaya a Marseille, Genoa, Civitavecchia, Palermo da Valletta, sannan ya dawo. Kamfanin ya turo mana jerin yawon da yake shiryawa a kowace tasha, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne idan aka tara na mutum uku. Wani abokina ya ce asara ce, mu riƙa fita da kanmu. Wani kuma ya ce in muka yi haka jirgi zai tafi ya bar mu. Fasfon Najeriya gare mu, Hajiya kuma tana fama da ciwon gwiwa. Wanne za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai mu lokacin, ya kuma saka maka da alheri da ka tuna da Hajiya a irin wannan tafiya.

Abokanka biyu kowa ya faɗi gaskiya, sai dai kowa wata tasha daban yake gani a ransa. Shekarun da na yi ina shirya wa mutane irin wannan tafiya sun nuna mini cewa ba a yanke wannan hukunci sau ɗaya domin tafiyar gaba ɗaya. Tasha-tasha ake yanke shi. A kowace tasha ka tambayi kanka abu biyu: nawa ne nisan inda jirgi zai tsaya da abin da nake so in gani, kuma idan na makara jirgi ya tashi, me zai same ni da irin fasfon da ke hannuna? A wannan hanya taku, amsar da nake ba ka ita ce ku sayi yawon kamfani a Civitavecchia kawai, domin zuwa birnin Rum, sauran tasoshin kuwa ku fita da kanku. Bari in nuna maka dalili, domin in ka gane dalilin za ka iya yanke wa kanka hukunci ko da an canza hanyar.

Da farko ka san abin da kake saye idan ka biya kuɗin yawon kamfani. Mutane na zaton motar safa da ɗan jagora suke biya. Waɗannan ai ana samunsu a waje da rahusa. Babban abin da ke cikin kuɗin alkawari ne: idan motar ayarin kamfani ta maƙale a cunkoso ko ta lalace a hanya, jirgi zai jira ta, in kuma jiran ya gagara, kamfanin ne zai ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Wanda ya fita da kansa ba shi da wannan. Jirgin nan ba motar tashar Unguwa Uku ba ce da direba zai ce a ɗan dakata akwai fasinja ɗaya yana alwala. An riga an ba shi lokacin barin gaɓa, an kira masanin tashar da zai hau ya fitar da shi daga bakin ruwa, wataƙila wani jirgin na jiran gurbinsa, kuma duk mintin da ya ɓata sai ya ƙona ƙarin mai da dare kafin ya isa gari na gaba da safe. Fasinjoji dubbai ne a ciki. Za a kira sunanka a lasifika sau biyu ko uku, a ɗan duba bakin tasha, sannan a janye matakala.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi damuna a kanku. Ma'aikatan jirgi sukan shiga ɗakin wanda ya makara su duba akwatin ajiya, in sun sami fasfo su miƙa wa wakilin jirgin da ke tashar. Daga nan komai na aljihunka ne: masauki, tikitin jirgin sama, mota. Bature mai katin shaidar ƙasarsa a aljihu zai hau jirgin sama ya tarar da su washegari, abin ya zame masa labarin ba da dariya. Kai kuwa, in ba a miƙa maka fasfonka ba, ba ka hawa jirgin sama ko a cikin Italiya ba tare da fasfo ba, otal ma sai ya nemi fasfo, ga maganin Hajiya yana can cikin ɗakin jirgi ya nufi Palermo a tsibirin Sisili. Saboda haka ma'auninka ba zai zama ɗaya da na wanda ya rubuta a intanet cewa shi bai taɓa sayen yawon kamfani ba. Shi kuskurensa na da araha, naka na da tsada.

Tun da mun taɓo fasfo, ka duba bizarku yau, kada ka bari sai gobe. Sifaniya, Faransa, Italiya da Malta duk suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shiga dukkansu, don haka hanyarku kamar yadda ka lissafa ta ba ta fita daga yankin. Amma akwai jiragen da ke bin kusan wannan hanya suna sauya Malta da La Goulette ta Tunisiya, wasu kuma a gabashin teku suna tsayawa a Turkiyya ko Kotor ta Montenegro, waɗanda ba sa cikin Shengen. Da zarar jirgi ya taɓa irin wannan tasha, an ɗauka kun fita daga yankin, ko da ba ku sauka ba, kuma dawowa na bukatar biza mai shiga sau da yawa. Na ga iyalin da aka hana hawa jirgi tun a ranar farko saboda bizarsu ta shiga sau ɗaya ce, jakunkunansu na gefe, kuɗinsu kuma bai dawo ba. Don haka ko hanyarku ba ta bukata, in da hali ku nemi mai shiga sau da yawa. Kuma kada ka ɗauka sayen yawon kamfani yana maye gurbin biza. A wasu ƙasashe akan yi wa 'yan ayarin jirgi sassauci, amma ya danganta da ƙasar da kuma fasfon mutum, don haka a rubuce za ka nemi amsar daga kamfanin, kana mai ambaton cewa fasfon Najeriya ne.

Yanzu mu zo kan Rum, domin nan ne maganar take. A takardar kamfani za ka ga an rubuta sunan Rum da manyan baƙaƙe, amma jirgi ba ya zuwa Rum. Civitavecchia gari ne daban, kimanin kilomita 80 daga tsakiyar birnin. Tashar kanta babba ce, ba a barin mutum ya yi ta yawo da ƙafa daga inda manyan jirage ke tsayawa, sai ka hau motar tasha ta kai ka bakin ƙofa, daga nan ka sake hawa wata ko ka taka zuwa tashar jirgin ƙasa. Jirgin ƙasa na talakawa yana cin awa ɗaya zuwa awa ɗaya da minti ashirin, ya danganta da inda za ka sauka: San Pietro ce ta kusa da Batikan, mazaunin Paparoma, Termini kuma ita ce babbar tasha ta ƙarshe. Kuɗinsa wajen yuro biyar ne, shi ya sa abokinka ya ce yawon kamfani asara ne, domin kamfani zai caje ka ninki da yawa na wannan.

To amma lissafa lokacin. A ce kun sauka daga jirgin ruwa ƙarfe takwas na safe. Da wuya ku taka ƙasar Rum kafin goma. Idan jirgin ruwan zai tashi ƙarfe bakwai na yamma, ana so kowa ya kasance ciki tun shida da rabi, domin ƙa'idar ita ce rabin awa kafin tashi. Mai hankali ba ya bin jirgin ƙasa na ƙarshe da zai iya kai shi a kan lokaci, yana bin wanda akwai biyu a bayansa. Ke nan wajen uku da rabi kun juyo. Awa biyar da 'yan kai ke nan a birnin da mutane ke yin mako ba su gama ba, cikin zafin Yuni, a kan titunan da aka shimfiɗa da ƙananan duwatsu baƙaƙe masu gargada, waɗanda ko mai lafiyar ƙafa sai ya ji a jikinsa. A jirgin ƙasar dawowa kuma fasinjojin jirage uku ko huɗu ne ke turereniya, sau da yawa a tsaye ake zuwa. Ka sa Hajiya a cikin wannan hoto. Ga kuma yajin aikin ma'aikatan sufuri, wanda ba baƙon abu ba ne a Italiya. Ana sanar da shi tun da wuri, amma baƙon da bai san inda zai duba ba sai ya iso tasha yake ganewa. In abin ya ƙure sai tasi, ita kuwa daga Rum zuwa Civitavecchia ta haura yuro 100.

Shi ya sa na ce a nan ku biya. Amma ba kowane yawo na kamfani ba. A jerin da aka turo maka, kowane yawo an sa masa alamar yawan tafiyar ƙafa: mai sauƙi, matsakaici, mai wahala. Ka ɗauki wannan alama da muhimmanci, domin ba wasa suke yi ba. Wanda ya haɗa gidan tarihin Batikan da Colosseum, tsohon filin wasan Rumawa, a yini ɗaya tafiyar kilomitoci ce da hawa matakala da tsayuwa a layi, ɗan jagora kuma ba zai rage sauri saboda mutum ɗaya ba. Ga Hajiya, wanda ya dace shi ne na zagaya gari a mota, ana tsayawa wurare biyu ko uku, ana ba da ɗan lokacin hutawa. Akwai kuma wani nau'i da nake yawan ba mutane shawara a kai: kamfani ya kai ku Rum a motarsa, ya sauke ku a wuri ɗaya, ya ce ku dawo nan ƙarfe kaza. Ba ɗan jagora, ba bin tuta, amma alkawarin jiran jirgi na nan. Idan Hajiya ta zaɓi ta huta a jirgi ranar, wannan ne ya dace da kai da uwargida. Kuma kada ka ji nauyin barinta in ita ta so. Ranar da jirgi ke tasha ita ce ranar da ya fi daɗin zama: wurin cin abinci ba layi, kujerun sama babu kowa, abincin kuma an riga an biya.

In kun shiga Rum da kanku, ku sani Colosseum sai da tikitin da aka saya tun da wuri, mai ɗauke da sunanka da lokacin shiga, kuma akan duba takardar shaida. Gidan tarihin Batikan a rufe yake ranar Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata. Pantheon, tsohon wurin ibadar Rumawa, da ake shiga kyauta a da, tun Yulin 2023 ana biyan kuɗin shiga, wanda ya fara da yuro biyar. Ruwan sha kuwa kada ku saya: akwai ƙananan famfunan ƙarfe a titunan Rum da ruwa ke zuba dare da rana, mai sanyi ne kuma mai tsabta, ku riƙe gora kawai.

Ya kamata kuma in gaya maka yadda yawon kamfani yake a zahiri, don kada ka zaci sarauta ka saya. Da sassafe za a tara ku a babban zauren jirgi, a manna wa kowa lamba a ƙirji, ku zauna jiran a kira lambarku. Mutum arba'in ko hamsin a mota ɗaya. Za a rataya maka 'yar na'ura a wuya da abin sawa a kunne, ka riƙa bin wata mata da ta ɗaga sanda mai lamba. A jiragen da Turawan ƙasashe daban-daban ke hawa, sau da yawa akan haɗa harsuna biyu a mota ɗaya, sai ta yi bayani da Italiyanci ta maimaita da Ingilishi, rabin lokacin kana sauraron abin da ba ka ji. Tsayawar banɗaki kaɗai kan ci minti ashirin. Wasu yawon kuma sai an bi da ku wani shagon tsaraba an ajiye ku kusan awa guda, alhali wurin da kuka zo dominsa minti talatin aka ba ku. Wannan yana ba ni haushi ƙwarai, domin lokacin da mutum ya biya da tsada ne ake sayar wa mai shago. Ka karanta bayanin kowane yawo da kyau. Inda ka ga an ambaci ziyarar masana'anta ko wurin ɗanɗana kaya, to shago ne, a Italiya da Faransa kuma ɗanɗanon sau da yawa na giya ne.

Akwai hanya ta uku da abokanka ba su ambata ba, wato kamfanonin gari masu zaman kansu da ke ɗaukar fasinjojin jirgi a ƙaramar mota, mutum shida ko takwas, ko ma mota da direba naku ku kaɗai. Ana samunsu ta shafukan intanet na Viator da GetYourGuide ko kai tsaye. Ga mutum uku, kuɗin mota da direba kan zo kusa da kuɗin tikiti uku na kamfanin jirgi, kuma ƙaramar mota na shiga lungunan da safa ba ta shiga, ta sauke Hajiya a bakin wuri. Masu wannan sana'a da jiragen suke ci, sunansu na ɓaci in sun makarar da fasinja, don haka sukan dawo da wuri. Duk da haka jirgi bai san da su ba, ba zai jira su ba. A tafiya ta biyu zan ce maka ka bi wannan hanya har a Rum. A ta farko, ina so ka fara ganin yadda abin ke gudana. In ka zaɓe su a wata tasha, ka tabbata a rubuce cewa za su mayar da kuɗi idan jirgi bai tsaya ba, domin iska kan hana jirgi shiga tasha. Yawon kamfanin jirgi kuɗinsa na dawowa da kansa a irin wannan hali, na waje kuwa sai abin da kuka yi yarjejeniya.

Valletta ita ce kishiyar Rum. Jirgi na tsayawa ne a gindin ganuwar birnin. Ka tashi da asuba ranar ka hau sama ka ga shigar jirgi cikin wannan tasha, tana cikin mafi kyawun abin da za ku gani a tafiyar. Daga inda kuka sauka, tafiyar 'yan mintoci ce zuwa na'urar hawa ta Barrakka, mai tsawon mita 58, wadda za ta ɗaga ku daga bakin ruwa zuwa lambun da ke saman ganuwa a kan kuɗi kaɗan. Kun shiga gari ke nan. An fara gina birnin a 1566, shekara guda bayan da rundunar Daular Usmaniyya ta yi wa tsibirin ƙawanya ta kasa cinye shi, kuma ƙarami ne, ana ratsa shi da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan cikin ƙasa da rabin awa. Ana harba igwa da tsakar rana a ƙasan lambun. Ingilishi harshen hukuma ne a Malta, don haka ba ku da matsalar tambaya. Ku tsaya a babban titin da ke bin tsakiyar tudu, domin titunan gefe gangara ne da matakalai. Biyan kamfani a nan kuɗin banza ne, sai dai in kuna son zuwa Mdina, tsohon babban birnin, wanda shi ma tasi na kaiwa cikin kusan minti ashirin ko talatin. Abu ɗaya: bayan Valletta yini guda ne a teku sannan Basalona, saboda haka wanda ya makara a nan tafiyarsa ta ƙare. Ku dawo da wuri.

Palermo ce nake so ku ba wa zuciyarku, kuma ita ce babban dalilin da ya sa ba na son ku sayar da dukan kwanakinku ga ayari. Tashar tana manne da gari. Musulmi sun ci birnin a 831, suka riƙe shi har Normandawa, Kiristoci 'yan asalin arewacin Faransa, suka karɓe a 1072, sarakunan Normandawa kuma ba su kori magina da malaman da suka tarar ba. A fadar Sarki Roger na Biyu ne malamin nan Musulmi al-Idrisi ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154. In ka shiga ɗakin ibadar fadar, Cappella Palatina, ka ɗaga kai: rufin katako ne da aka sassaƙa da irin adon da ake gani a masallatan Masar da Magrib, da rubutun Larabci, a cikin cocin Kirista. A 2015 UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya. Ayarin kamfani zai ba ka minti goma sha biyar a ɗakin nan, kana jin ana kiran lambarku. Kai kuwa in ka ɗauki tasi daga tasha zuwa fadar, sai ku zauna iya son ranku, sannan ku gangaro a hankali ta kasuwar Ballarò, inda masu kifi da masu kayan lambu ke kwarara kiran ciniki da iya muryarsu, kuma za ku ga 'yan Afirka ta Yamma da yawa da shagunansu.

A kasuwar nan ku yi hattara da abinci. Ƙosan garin wake da suke kira panelle ba nama a cikinsa, da gishiri da lemon tsami ake ci, Hajiya za ta so shi. Dunƙulen shinkafar da ake soyawa kuwa wani da naman alade a ciki, sai an tambaya. Zaƙin nan nasu mai suna cannoli, a gargajiyance da kitsen alade da ɗan giya ake kwaɓa ɓawonsa. Wannan matsala ta fi tsanani a yawon kamfani mai haɗe da abincin rana, domin abinci ɗaya ake jera wa kowa, kuma a Italiya yankakken naman alade ne kan fara zuwa tebur. In kun sayi irin wannan yawo na Rum, ka je teburin masu shirya yawo tun ranar farko ka ce a rubuta muku kifi ko abinci marar nama. Haka batun salla: ayari ba ya tsayawa dominta, don haka ku fita da alwala, uwargida ta sa ƙaramar darduma a jaka, ka kuma tambayi malaminka tun a gida hukuncin ƙasaru da haɗa salloli a tafiyar ruwa, domin malamai sun yi bayani a kai. Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana can arewacin birnin, nesa da inda masu yawo ke zuwa. Kada ka sa shi a lissafin yini ɗaya sai in shi ne abin da ka fi so.

Genoa ba ta da wahala. Tashar fasinja na kusa da gari, tafiyar kamar minti ashirin ce zuwa tsohuwar tasha inda babban gidan kifayen nan yake, wuri mai inuwa da kujeru da zai yi wa Hajiya daɗi. Kamfani zai tallata muku Portofino. Kyakkyawan ƙauye ne, amma zai cinye yinin, washegari kuma Rum ce. Ku adana ƙarfinku. Marseille kuma jirgi na tsayawa ne a tashar kaya, kusan kilomita takwas daga tsakiyar gari, ba wurin tafiyar ƙafa ba ne. Abin da za ku saya a nan shi ne tikitin motar da ke kaiwa gari ta dawo, ko ku ɗauki tasi. Daga tsohuwar tasha akwai ɗan jirgin yawo mai tayoyi da ke hawa tudun cocin Notre-Dame de la Garde, inda ake ganin birnin da teku gaba ɗaya, a unguwar Noailles kuma za ku sami abincin halal na mutanen Aljeriya da Maroko har ku zaɓa. Basalona ba tashar yini ɗaya ba ce a wurinku, tun da can za ku hau. Ku isa aƙalla kwana guda kafin ranar tashi, domin jirgin sama daga Najeriya sai an canza a hanya, jinkirin awa kaɗan kuma na iya sa ku rasa jirgin ruwan tun kafin ku gan shi. A wannan kwanan ne za ku ga shahararren cocin Sagrada Família, da tikitin da ka saya ta intanet tun makonni kafin nan.

Duk ranar da za ku fita da kanku, akwai takardar da ake sa muku a ɗaki kowane dare mai ɗauke da shirin gobe. A jikinta akwai lokacin da ake so kowa ya dawo, da suna da lambar wayar wakilin jirgi a wannan tasha. Ka ɗauki hotonta a wayarka da ta uwargida, ka kuma ninke takardar ka sa a aljihu, domin waya na mutuwa. In kun ga za ku makara, wannan lambar za ku kira, kuma sau da yawa kyaftin ya fi sassauta wa wanda ya kira ya ce ga shi nan minti goma a kan wanda ba a san inda yake ba. Agogon jirgi ake bi, ba na waya ba. A hanyarku duk ƙasashen lokacinsu ɗaya, awa guda gaba da Najeriya a watan Yuni, amma da a ce akwai Tunisiya, wayarka za ta koma baya da awa guda da kanta, kana ganin da sauran lokaci alhali ana janye matakala. Ka ɗaura agogon hannu na gargajiya ka saita shi da na jirgi.

Fasfo kuma, wasu jirage na karɓar na waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba su ajiye. In an karɓa, ka riƙe kwafinsa da na biza. In an bar muku, shawarata ku fita da shi a 'yar jakar da ake ratayawa a ƙarƙashin riga, ba a aljihun baya ko jakar hannu ba, domin 'yan sane a titin La Rambla na Basalona da motocin hayar Rum ƙwararru ne, kuma babbar riga mai aljihun gefe ita ce abin da suka fi so. Ka riƙe tsabar yuro da zai isa tasi da kwana ɗaya a otal, kada ka dogara da katin banki ɗaya. Maganin Hajiya na kwana biyu ya kasance a jakar uwargida duk lokacin da kuka sauka. Inshorar da kuka yi domin biza, mai ɗaukar aƙalla yuro 30,000, ta rashin lafiya ce. Ka duba ko ta haɗa da jinyar cikin jirgi, domin likitan jirgi kuɗi yake karɓa, kuma ba kaɗan ba.

Yawon Rum ka saye shi yanzu ta intanet, kafin ku tashi, domin mai sauƙin tafiyar ƙafa shi ne ke fara cika, kuma farashin kafin hawa yakan fi na cikin jirgi sauƙi. Ka duba sharaɗin sokewa, yawanci ana barin mutum ya fasa har kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Sauran ka bar su a buɗe. In kun fita a Marseille kun ga gwiwar Hajiya ba ta ɗauki tafiyar ba, teburin masu shirya yawo na buɗe da yamma, sai ka je ka sayi na zagaya gari a mota domin Palermo.